Ɗigo Huɗu a Ruwan Kyanwa

Ni dai ban zo Amurka don in yi kiwon kyanwa ba. Aikin da na samu, kamar mata da yawa irina a Bronx, shi ne kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, girki, miƙa magani a kan lokaci, da sauraron labarin da aka ba ki jiya da shekaranjiya kamar yau kika fara jin sa. Shekara uku na yi ina zuwa wurin wata tsohuwar Baturiya da ke zaune ita kaɗai, daga ita sai kyanwarta. Tsohuwar mafaɗaciya ce, ni ma ba kanwar lasa ba ce. Watan farko kullum sai mun yi, a kan gishiri, a kan buɗe taga, a kan yadda nake ninke tawul. Da muka gaji da faɗan sai muka shaƙu, har ta kai in na makara da minti goma sai in tarar ta jawo kujera bakin ƙofa tana jirana.

Kyanwar ruwan toka ce mai farin ƙirji, ta manyanta, kuma ba ta ganin kowa da gashi sai uwar ɗakinta. In na shigo ta dube ni sama da ƙasa ta kau da kai, ni ma in kau da nawa. A gidanmu na Zariya kyanwa ta san aikinta: ta kama ɓera, ta lashe kwano, ta haye katanga ta ba mutane wuri. Wannan kuwa tana da likitanta, tana da bargonta, har da wata 'yar kwalba da ake ajiye mata a jere da magungunan tsohuwar. Ruwan furanni ne, in ji ta. Wai ana tsinko furanni a zuba a ruwa a ajiye a rana, ruwan ya ɗauki halin furen, sai a tace a ɗura a kwalba. Na cire tsoro daban, na kewa daban, na sa natsuwa daban. Duk ranar da hadari ya haɗo, ko lokacin zafi da ake ta harba wasan wuta a titi, sai ta ce in ɗiga huɗu a ruwan shan kyanwar. Ina ɗigawa ina dariya a cikina. Mu da muka sha jiƙon sabara kofi-kofi muna yamutsa fuska, a ce mana ɗigo huɗu magani ne?

Da ciwo ya ci ƙarfin tsohuwar aka kwantar da ita a asibiti. Zuwana na ƙarshe, ta riƙe hannuna ta ce 'yarta tana can wata jiha mai nisa, mijin 'yar kuma ba ya shiri da gashin kyanwa, atishawa yake ta yi. Ta san abin da za su yi. Za su kai kyanwar gidan da ake tara dabbobin da ba su da kowa, kuma ba mai zuwa can ya ɗauki tsohuwar kyanwa mai baƙin hali. Ta ce in yi mata alkawari ba zan bari a kai ta can ba. Na ce na yi. Ban yi shawara da kowa ba, wanda ya kamata in yi shawarar da shi kuwa, maigidana, yana can titin Fordham Road a tsaye gaban teburinsa na huluna da jakunkuna, bai san an ƙara masa iyali ba. Kwana tara bayan haka ta rasu.

Maigidana mutumin Maraɗi ne, mai haƙuri, mai tsabta har ta yi yawa. 'Ya'yanmu sun girma sun watse, saura mu biyu a hawa na biyar a unguwar University Heights, ɗaki biyu da falo. Da ya dawo ranar da na ɗauko kyanwar ya tarar da kwandon ɗaukar kyanwa a tsakiyar falo, sai ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Hajiya, mi ne ne cikin kwandon ga?"

"Amana ce, Alhaji."

Ya sunkuya ya leƙa, aka yi masa huci daga ciki, ya ja da baya.

"Amana mai haƙora. Bon. Tun da kin riga kin ɗauko, sai ta zauna. Mussa ba ta hana salla." Mussa, haka suke ce wa kyanwa a garinsu.

Ina buɗe kwandon ta fita a guje ta shige ƙarƙashin gadonmu. Ni kuwa na ce baƙuwa ce, kuma marainiya, sai na karɓe ta yadda muke karɓar baƙo na mutunci. Na hura gawayi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau, na tura shi bakin gadon don ƙamshin ya iske ta har inda take.

Dole in yi maganar turaren nan, don shi ne abin alfaharina a ƙasar nan. Haɗin mahaifiyata ne, sandal da kajiji da farce, ƙanwata ke haɗa mini a gida tana aiko mini. Benenmu ƙamshi da wari iri-iri ne, wannan na soya kifi, wancan na dafa wake da naman alade, amma ko da ido rufe ka hau hawa na biyar za ka gane ƙofata. Kullum nakan ɗan turara falo da safe. Alhamis da Juma'a kuwa na musamman ne: in kifa kwando a kan kasko, in shimfiɗa kayan Alhaji na masallaci da dardumarsa a kai har sai ƙamshin ya ratsa zare. Wani lokaci hayaƙin ya tayar da na'urar gargaɗin gobara da ke manne a rufi, ta yi ta ihu, in hau kujera ina yi mata fifita da faifai. A garinmu mai jego ana yi mata turare, amarya ana yi mata, mara lafiya in ya yi wanka ana yi masa don ransa ya yi sanyi. Ban taɓa jin wanda turare ya ɓata wa rai ba.

Kyanwar ba ta fito ba. Sai in bar gidan ba kowa take lallaɓowa ta ɗan taɓa abinci ta koma. Da safe ta je bakin ƙofar fita ta yi ta wani irin kuka mai tsawo, wanda ban taɓa ji daga bakinta ba duk shekarun nan. Ta dinga lasar cikinta har gashin wurin ya zube, fata ta fito jajir. Ni kuma duk lokacin da na ga haka tausayi ya kama ni, sai in ƙara mata turare.

Sai ta fara fitsari a kan dardumar Alhaji. Ga akwatin yashinta nan a banɗaki, tsaf, tana ma shiga wani lokaci, amma dardumar ta zaɓa. Na farko na wanke na shanya ban gaya masa ba. Na biyu ya gani, ya kau da kai. Bayan kowane wanki sai in turara dardumar ninki biyu don in kashe zarnin. Na uku ya faɗo ranar Juma'a da hantsi, ya yi alwala zai yi walaha, ya taka danshi da ƙafarsa.

"Hajiya, zo ki gani."

Bai ɗaga murya ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Da ya yi faɗa da na san yadda zan yi da shi.

"Sau nawa ke nan? Ni ban ƙi ta ba, Allah na gani. Amma azumi na tahe, saura sati shida. Ba ni iya tsayuwa salla ina shakkar inda goshina zai sauka. In wata ya tsaya ba ta bari ba, shelter za ta, gidan tara dabbobin nan, ni da kaina zan kai ta."

"Alhaji, na yi wa mamaciya alkawari."

"Ke kika yi. Ni ma ina da nawa alkawarin da Ubangijina, sau biyar a yini."

Gaskiyarsa ce. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi, da shi, ko da kyanwar, ko da tsohuwar da ta ɗora mini kaya ta tafi ta bar ni. Na shiga kicin na yi ta buga tukwane da ba su yi mini laifin komai ba.

A cikin jakar kayan kyanwar da 'yar tsohuwar ta haɗa mini na ci karo da 'yar kwalbar nan. Na juya ta a hannu, na ce to, yau ga ni ga abin da nake yi wa dariya. Ina cikin buɗewa Alhaji ya shigo, hancinsa kuwa ba ya kuskure. Ya karɓa ya shinshina, ya miƙar da hannu nesa da jikinsa.

"Subhanallahi! Wanga ai giya ce. Alkol!"

Na ɗauko tabarau na karanta 'yan ƙananan rubutun da ke bayan kwalbar. Gaskiyarsa ce kuma. Da barasa ake haɗa ruwan don kada ya lalace. Ashe shekara uku ina ɗiga wa baiwar Allah giya da hannuna na dama, har da bisimilla. Alhaji ya naɗe kwalbar a takarda kamar ya kama kunama, ya fita da ita wurin zubar da shara na bene, ya dawo ya wanke hannu sau uku.

Litinin na ɗauki rabin yini daga aiki na kai ta wurin likitan dabbobi. Sai da na sa tsintsiya na zaƙulo ta daga ƙarƙashin gado, ta kuma bar mini shaida a damtse. Likitan ya duba fitsarinta da jininta, ya ce ba ciwon mara, ba ciwon ƙoda, lafiyarta ƙalau gwargwadon shekarunta. Damuwa ce, in ji shi, ta rasa mutuniyarta ta rasa gidanta a mako ɗaya. Ya tambaye ni ko akwai yara masu hayaniya, ko kare, ko kiɗa. Na ce babu, gidana shiru ne kuma tsaf. Ban ambaci turare ba. Wa zai je gaban likita ya kai ƙarar ƙamshin gidansa? Na tambaye shi batun ruwan furanni. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai bai ga binciken da ya tabbatar yana aiki ba, amma in na nemi wanda ba barasa a ciki ba zai cutar da ita ba, kuma kada in fasa dawowa in abin ya ƙaru.

Daga can na ajiye ta a gida na hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu na gangara Manhattan, wani kanti da ake sayar da zuma da ganyayyaki da sabulai. Matar da ke wurin mai furfura ce, mai magana a hankali har ta fara ba ni haushi. Ta dinga yi mini tambayoyi kamar batun mutum muke yi. Tsoro take ji ko kewa? Tana neman wani ne ko gudun wani take yi? Na ce baiwar Allah, kyanwa ce, ba ta gaya mini ba. Ta yi murmushi ta haɗa mini kala biyu a kwalba ɗaya, na kewa da na firgici, a cikin wani ruwa mai ɗan zaƙi maimakon barasa. Ta ce ɗigo huɗu a ruwan sha, safe da yamma. Bayan na ɗiga kuma in zauna a ƙasa kusa da inda take ɓuya, minti goma, kada in kira ta, kada in taɓa ta. Sannan in riƙa sa alama kowace rana, ta kirki ce ko ta tsiya.

Na fito ina tsaki. Ɗigon na yarda da shi ala dole, amma zaman ƙasan na ɗauke shi iyayi ne na Turawa. Ina isa gida na dubi ɗigo huɗun a cikin kwanon ruwa, ko alamarsu babu. Na ce matar nan ba ta san saura mako shida ba ne. Na tuttula kusan sulusin kwalbar. Kyanwar ta fito da yamma ta shinshina ruwan, ta ja baya tana karkaɗe ƙafa, ta yini washegari ba ta sha komai ba. Na zubar na wanke kwanon, na koma huɗun da aka ce.

Alamar kuwa a kalandar lokutan salla da ake rabawa a masallaci na riƙa yin ta, wadda ke manne a jikin firij. Ranar lafiya in zana da'ira, ranar da ta yi ɓarna ko ta ƙi abinci in ja giciye. Alhaji ya koma naɗe dardumarsa yana ɗorawa saman kwabet, sai ta koma yi a daidai inda yake shimfiɗa ta, wani lokaci a kan kwandon turaren kansa. Zaman ƙasan ma na fara yi, ba don na yarda ba, sai don kada a ce akwai abin da na bari. In jingina da bango, gwiwoyina suna ƙara, ina kallon ƙafar gado, ita tana ciki tana kallona. Alhaji in ya wuce ya ce, "Hajiya, ana ganawa da manya?" In yi masa banza.

Mako biyu suka wuce a haka, da'ira ta ɗan fi giciye yawa, amma giciyen bai ƙare ba. Ranar Juma'a ta uku da safe na gama turara kayan Alhaji, saura garwashi mai kyau a kasko, na ce asara ce a bar shi. Na ƙara turare na tura bakin gado yadda na saba, na ɗiga mata huɗunta, na zauna. Da can in na tura kaskon tafiyata nake yi, ƙamshin nake ji daga sama, a tsaye. Ranar nan kuwa ina ƙasa, bayana ya gaji, sai na kishingiɗa na sa kumatuna a kan kafet don in hango ta.

Ban yi minti ɗaya ba idona ya fara yaji. Hayaƙin ba ya tashi sama a wurin, shiga yake yi ƙarƙashin gadon ya taru, katifa ta danne shi, bango ya tare shi. Na yi tari har sai da hawaye ya zubo mini. Ta cikin hayaƙin na hango ta can ƙuryar ƙarshe, ta matse jikinta da bango, ta cusa hancinta cikin ƙafafunta na gaba, idanunta suna ruwa. Ba ta da sauran wurin da za ta matsa.

Na fizgo kaskon na kai shi banɗaki na kwara masa ruwa, na buɗe tagogi duka, ko sanyin ban ji ba. Na je gaban firij na tsaya. Giciyen nan sun jeru a layi biyu daga sama zuwa ƙasa, Alhamis da Juma'a, sai guda ɗaya a wata Lahadi, ranar da matan unguwarmu suka zo mini na cika gidan da turare don in fita kunya. Kullum ina kallon kalandar nan, ban taɓa gani ba.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Wata guda da rabi ina azabtar da amanar da aka ba ni, kuma da abin da na fi so a gidan nake yi, ina ganin karamci nake yi mata. Na koma na zauna a ƙasa bakin gadon na yi kuka sosai, na ce mata ta yafe mini, da Hausa, don ban san yadda ake faɗar irin wannan da Turanci ba. Da na buga wa likitan waya na gaya masa, sai ya ce hancin kyanwa ya fi namu nesa ba kusa ba, hayaƙi kuma yana cutar da ƙirjinta. Mai yiwuwa tana fitsari a inda ƙamshin ya fi ƙarfi ne don ta sa nata warin, ta ji akwai wuri ɗaya a gidan da yake nata. Ya ce me ya sa ban gaya masa tun farko ba. Na ce ai bai tambaye ni ba.

Saura mako uku. Na ɗaure kwalaben turarena a leda biyu na cusa can saman kicin. Na wanke labule, na wanke zanen gado, na wanke dardumar da sabulu mara ƙamshi. Kada wani ya ce abu ne mai sauƙi. Gidana ya koma warin albasa da daddawa da kifin maƙwabta. In na buɗe ƙofa na dawo daga aiki sai in ji kamar gidan wasu na shiga, raina ya yi ta ƙuna. Alhaji ya tafi Juma'a da riga mai warin omo kawai, karo na farko tun aurenmu.

Maƙwabciyata ta ƙofar da ke kallon tamu, 'yar zangon Kumasi ce, ita ta fara tare ni a matakala.

"Ei, Hajiya, na ce ko kin yi travel ne. Corridor duka ya mutu, ba ƙamshi. Lafiya?"

Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta riƙe ƙarfen matakala, ta ce ita ba ta da kyanwa, ba ta da miji mai dogon hanci, in kawo kaskon ɗakinta. Tun daga ranar, duk Alhamis da yamma nake kwasar kayan Alhaji da nawa in tsallaka, mu turara a falonta muna hira, ita ta sami ƙamshi kyauta, ni in shanya kayan su sha iska kafin in dawo da su cikin leda. Dardumar ce kawai ban ƙara turarawa ba.

Ɗigon ban fasa ba, zaman ƙasan ma haka. Kwana huɗu da daina turaren, ina zaune na jingina da bango, sai ga kai ya leƙo. Na ƙi motsi. Ta fito a hankali, ta wuce ta gabana kamar ba ta san da ni ba, ta sha ruwan nan mai ɗigo huɗu, ta ci abinci ina kallo, sannan ta zauna nesa da ni kaɗan ta shiga wanke fuska. Na ji kamar in yi guɗa, na danne don kada in kore ta. Bayan kwana biyu ta hau taga ta zauna tana kallon tattabaru. Kukan bakin ƙofa ya ragu, sannan ya tsaya. Wurin da ta lashe a cikinta ya fara fitar da gashi laushi-laushi. Sau ɗaya ta koma ƙarƙashin gado yini guda, ranar da mai gyaran bene ya zo yana huda bango, amma ko a ranar akwatin yashinta ta shiga.

Mutane sukan tambaye ni yanzu, musamman matan da suka ji labarin a bakin maƙwabciyata, wai da gaske ruwan furannin nan yana aiki? Nakan ce ban sani ba, kuma ba ƙarya nake yi ba. Likita ya ce ba a tabbatar ba. Matar kanti ta ce yana yi. Ni abin da na sani, da ba don ɗigo huɗun nan da sharaɗin da aka haɗa mini da su ba, da har yau ina tsaye a kan ƙafafuna ina tura mata hayaƙi ina yabon kaina. Har gobe ina ɗiga mata in hadari ya haɗo, ba na kuma yin dariya.

Alhaji duk wannan yana gani. Saura mako guda azumi, da safe ina shirin fita, sai na ga ya idar da salla ya tashi ya bar dardumar a shimfiɗe. Na ce, "Alhaji, ka manta ba ka naɗe ba." Ya ce bai manta ba. Ya sa hularsa ya fita.

Yinin nan ban san abin da na yi a wurin aiki ba. Sabon tsohon da nake kula da shi ya ce in ba shi shayi na miƙa masa rimot. Da na sauka daga jirgi sauri nake yi kamar ana bina, na haye hawa biyar ɗin nan ban tsaya hutawa ba, ni da nake tsayawa sau biyu. Na buɗe ƙofa. Tana kwance a gefen dardumar, rabin jikinta a kai rabi a kafet, inda rana ta faɗo ta taga, tana barci. Na ajiye jaka, na durƙusa, na bi dardumar da tafin hannu daga sama har ƙasa, sannan na bi ta da hanci, kusurwa-kusurwa, ni da girmana. A bushe take ƙamas. Kyanwar ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, irin kallon nan nata na da, ta mayar ta rufe.

Haka ya yi ta barin ta a shimfiɗe kwana shida. Kullum in dawo da gudu, kullum in tarar da ita a bushe. Amma bai ce ta zauna ba, ni kuma na ƙi tambaya. Na san halinsa, in ya faɗi magana ba ya son a sa shi ya janye ta da bakinsa, kuma ina tsoron in tambaya ya ce sharaɗi sharaɗi ne, a jira wata.

Ranar da ake sa ran ganin wata ya rufe teburinsa da wuri ya tafi sayen kayan azumi, kamar yadda yake yi duk shekara. Bayan la'asar na ji shi a matakala yana hawowa da ƙyar, yana tsayawa yana nishi. Na buɗe masa ƙofa. Ya shigo da kaya niƙi-niƙi ya fara saukewa a kicin ɗaya bayan ɗaya: gero, dabino, sukari, tsamiya, man gyaɗa. Ina tsaye ina jira, don na san yau ce ranar. Sai ya koma bakin ƙofa ya jawo wani buhu da ya bari a waje, ya fi na geron girma, ya saɓo shi a kafaɗa ya dire kusa da firij. Hoton kyanwa ne a jikin buhun.

Na dube shi. Ya cire hula yana share zufa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Mi kike kallo? Ita ba ta azumi. Mu za mu yini da yunwa, ita sai an ba ta na rana. Bon, ki nemo inda za a aje shi."

Na ce to, Alhaji. Na juya na buɗe kwabet ɗin ƙasa na shiga fitar da tukwane ina neman wuri, na daɗe a durƙushe da kaina a ciki, don kada ya ga fuskata. A can cikin kwabet ɗin, a hankali yadda shi ba zai ji ba, na gaya wa tsohuwar cewa ba za a kai ta ba.